Da Sa'adu Zungur Yana Nima, Wa Zai Ba Shi Makirufo?

Wata safiya ce a ƙarshen watan Janairu, ƙurar hunturu ta rufe Akra har ba a hango gadar Circle da kyau daga Kokomlemle. Na ware rabin awar ƙarshe ta shirina na safe don tunawa da Malam Sa'adu Zungur, domin a irin wannan wata ne Allah ya yi masa rasuwa a 1958. Na ba da tarihinsa, na karanta wasu baitocinsa da irin muryar da muke ajiyewa don manyan ranaku, na yi ta jinjina wa jarumtarsa. Da na gama sai na buɗe layin waya.

Mutum na uku da ya kira wani dattijo ne daga Maamobi. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Ɗana, na ji daɗin shirin nan, Allah ya yi maka albarka. Amma ina da tambaya guda. Wannan malami da kake ta yabo, da a ce yana raye, yana zaune nan Nima, yana faɗar irin abin da ka ce yana faɗa a kan manyanmu na nan, za ka ba shi makirufon da ke gabanka?"

Na yi dariya irin tamu ta 'yan rediyo, na ce, "Haba Baba, ai ko shakka babu." Na yi masa godiya, na ɗaga wa mai kula da na'ura hannu ya sa talla. Tallar da ta shigo kuwa ta wani Alhaji ce da ke ɗaukar nauyin shirin, wanda a lokacin na yi wata huɗu ina danne wani labari da ya shafe shi. Ina zaune da abin sauraro a kunne ina jin muryata tana yabon shagonsa, na san ƙarya na yi wa dattijon nan. Wannan rubutu ƙoƙari ne na ba shi amsar da ta kamace shi.

Bari in fara da mutumin da ya jawo maganar, don wanda bai san shi ba.

An haifi Ahmad Mahmud Sa'adu Zungur a Bauchi wajajen 1915, a gidan malamai da limanci. Ya sha karatun addini da Larabci tun yana ƙarami, ya shiga Kwalejin Katsina, sannan a 1934 ya wuce babbar kwalejin Yaba da ke Legas, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga can. Daga baya ya koma fannin tsabtar gari da kiwon lafiya, ya koyar a Kano da Zariya, wato ya horar da irin ma'aikatan da 'yan Najeriya ke kira duba-gari, mu nan Gana muke ce musu tankas. Ciwon huhu ya mayar da shi gida Bauchi. A can ne a 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa da yardar Turawan mulki, inda ake zama da 'yan boko da ma'aikatan En'e, cikinsu har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da wani matashin malamin makaranta mai suna Aminu Kano. Zauren bai yi tsawon rai ba. Muhawara ta kai ga tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna, har ta kai ga tambayar yadda ake yanka wa sarki albashi, sai aka rufe shi. Sa'adu bai yi shiru ba. Ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe har ya riƙe mata sakatare a ƙarshen shekarun 1940, daga baya ya dawo cikin gwagwarmayar Arewa, ya zama ɗaya daga cikin masu ba jam'iyyar NEPU tunani bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Malam Aminu Kano ya ɗauke shi malaminsa a siyasa. Ya ga Gana ta sami 'yanci a Maris 1957, amma bai ga na ƙasarsa ba. Ya rasu yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, saura ƙasa da shekara uku a sauke tutar Ingila a Legas.

Waƙoƙin da ya bari ba su da yawa, amma sun yi nauyi. Akwai Waƙar Bidi'a, inda ya tasar wa al'adun da aka cusa cikin addini. Akwai Maraba da Soja, wadda ya yi wa sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɗora maganar 'yanci a kanta. Mu 'yan Akra muna da dalilin jin wannan waƙa a jikinmu, domin a nan ne ranar 28 ga Fabrairu, 1948 aka harbe tsofaffin sojoji uku a kan hanyar fadar gwamna ta Osu, suna tafiya neman hakkinsu, kuma kakannin da yawa daga cikinmu sun yi wannan soja, a rundunar da Hausa ce harshen bariki. Sai kuma babbar waƙarsa, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, wadda ko yaron da bai taɓa ganin littafin ba ya haddace baitinta na faɗin gaskiya.

Yau akwai jami'ar jihar Bauchi da ke Gaɗau tana ɗauke da sunansa. Akwai babban ɗakin taro da sunansa a Gidan Mambayya a Kano. 'Yan siyasa na kowane ɓangare suna jawo baitinsa a kan dandamali, har da waɗanda da yana raye su zai fara kama wa suna. Wannan ne abu na farko da tambayar dattijon Maamobi ta tono mini: me ya sa yabon mai faɗin gaskiya yake da sauƙi haka bayan ya mutu?

Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A can yammacin Pakistan akwai al'ummar Baluci, suna da wani mawaƙi, Mir Gul Khan Nasir, wanda kusan sa'an Sa'adu ne, an haife shi a Nushki a 1914. Ƙasarsu ma Turawan Ingila ta hannun masu sarauta suka mulke ta, wato Khan na Kalat da shugabannin ƙabilu da ake kira sardar. Gul Khan ɗan babban gida ne, ya yi karatu a Lahore, ya fara waƙa da Urdu, sannan ya koma harshen mutanensa don makiyayi da manomi su ji shi. Ya yi ta sukar zaluncin sardar-sardar a kan talakawa da danniyar gwamnati a kan yankinsu. Ya yi ministan ilimi na lardin Balucistan daga 1972 zuwa 1973, aka rushe gwamnatin tasu, aka kulle shi. Idan aka tara zaman kurkukun da ya yi a rayuwarsa ya kai wajen shekara 15. Ya rasu a 1983. A 2001 ƙasar da ta yi ta ɗaure shi ta ba shi lambar girma ta Sitara-i-Imtiaz, yana cikin kabari.

Ko a nan gida muna da namu. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda wasu ke kira Alhaji Umaru Salaga, haifaffen Kano ne da ya biyo hanyar fataken goro ya zauna a ƙasar nan har ya rasu a 1934. Ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, ya kuma rubuta Waƙar Talauci da Wadata, inda ya nuna yadda ake wulaƙanta maganar matalauci a taro, ake rawar jiki a kan ta mai kuɗi. A zangunanmu ana ambatonsa da girmamawa, ana neman albarkar sunansa. Amma a duk tarukan suna da aure da na halarta ina riƙe da makirufo, ban taɓa jin an karanta wannan waƙa a gaban masu kuɗin da ke zaune a layin farko ba. Ni ma ban taɓa karantawa ba.

Dalilin, a ganina, a fili yake. Sarakunan da Sa'adu ya yi wa gargaɗi sun mutu, Razdan da Di'o sun koma ƙasarsu, don haka wanda ya tafa masa yau babu abin da zai rasa. Ƙari a kan haka, duk mai karanta irin waɗannan waƙoƙi a gefen mawaƙin yake ajiye kansa. Ban taɓa ganin wanda ya karanta ya ce, "Af, ashe ni ne bafaden da ake nufi" ba. Ni kaina na yi shekaru ina karanta inda Sa'adu ya soki roƙo da bambaɗanci ina gyaɗa kai, ban taɓa tsayawa na dubi aikina ba. Alhali kuwa mene ne gaishe-gaishen da muke yi a rediyo, muna jera sunan Alhaji wane da Hajiya wance da kirari, bayan an miƙo ambulan? Maroƙin da yana da kalangu, ni ina da difloma a aikin jarida da ɗaki mai sanyi. In aka cire wannan, bambancin da ya rage kaɗan ne.

To ga labarin da nake dannewa. A layin da mahaifiyata take zaune a Nima akwai wata kwata da ke gangarawa cikin babban kwatami. Duk damina sai ta cika ta shiga ɗakunan mutane. Wanda ya zauna Akra ya san ruwa ba abin wasa ba ne a wurinmu. Daren 3 ga Yuni, 2015, ambaliya da gobara sun kashe mutum fiye da 150 a Circle, tafiyar 'yan mintoci da ƙafa daga inda nake kwana. Mutanen layin suka gaji da jiran hukuma, suka kafa kwamiti, kowane gida ya riƙa ba da abin da ya sawwaƙa duk wata don a gina kwatar a rufe ta. Masu koko da ƙosai sun bayar, masu wanki sun bayar, har da zawarawan da 'ya'yansu ke aiko musu da na cefane. Aka ɗora Alhajin nan a kan shugabanci saboda mutuncinsa. Shekara biyu ta wuce ba a sa ko bulo ɗaya ba, ba a kuma kira taro an yi bayani ba. Wata rana mata uku suka same ni a bakin tasharmu da littafin da ake rubuta karo-karon, suka ce, "Kai ne ɗanmu da ke magana duniya ta ji. Tambaya kawai muke so a yi."

Na karɓi littafin, na ce su ba ni mako guda. Mako ya zama wata huɗu.

Ba na son mai karatu ya ɗauka tsoro ne kawai ya riƙe ni, ko da yake akwai shi. Ina da hujjoji, kuma har yau ban raina su ba.

Ta farko ita ce halacci. Lokacin da mahaifina ya rasu ina tsakiyar karatu, Alhajin nan ne ya biya mini kuɗin makaranta na zango biyu, ba tare da an roƙe shi ba, bai kuma taɓa goranta mini ba. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Wasu na ɗaukar wannan magana a matsayin zargi, ni kuwa ina ganin akwai alheri a cikinta. Al'ummar da mutum zai ci abincinka yau gobe ya tsaya a kasuwa yana tona maka asiri, ba wurin zama ba ce. Zango da halacci aka gina shi: baƙo ya sauka, mai gida ya ba shi ɗaki da tuwo, ya tsaya masa a gaban hukuma, shi kuma ya riƙe wannan har ga 'ya'yansa.

Ta biyu ita ce sunan unguwa. Duk ɗan Nima ya san yadda fuskar mai ɗaukar aiki ke canzawa in ya ji inda ka fito. An riga an yi mana fenti da sata da rigima. Kakata ta ga abin da ya faru a ƙarshen 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka kwashi maƙwabta a manyan motoci, wasunsu a nan aka haife su. Abin da ta koya daga wannan, ta kuma koya mana, shi ne ɗan zango ya rufe bakinsa, ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In na fito a rediyo na ce dattijon zango ya riƙe kuɗin zawarawa, wa na ba makami?

Ta uku ta fi sauran nauyi, domin ta shafi shi kansa Sa'adu. Mai zafin faɗin gaskiya yana iya kuskure. Sa'adu ya shiga NCNC da zuciya ɗaya, daga baya ya fito yana gargaɗin 'yan Arewa a kan rinjayen 'yan Kudu, da kalmomin da wasunsu ba za su yi wa ɗan Najeriya na yau daɗin ji ba. Mutum ne, zamaninsa ya yi masa iyaka kamar kowa. Waƙa kuma ba kotu ba ce, wanda aka saka a cikinta ba ya samun damar kare kansa, baiti mai daɗi yakan rayu ko da abin da ya faɗa bai inganta ba. Rediyo ta fi waƙa haɗari ta wannan fuska. Abin da na faɗa da ƙarfe bakwai, kafin takwas ya zaga kowane bes da samari ke shan ataya, ya shiga WhatsApp ya kai Kumasi da Hamburg da Bronx. In ya zamana na yi kuskure, gyaran da zan yi gobe ba zai bi duk inda maganar ta bi ba.

Waɗannan hujjoji uku na riƙa jujjuyawa, ina jin kaina mai hankali da dattako. Tambayar dattijon Maamobi ce ta sa na koma na sake karanta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya daga farko har ƙarshe, ba baitocin da muke tsinka don kwalliyar shiri ba. Sai na ga abin da na daɗe ina tsallakewa. Sa'adu bai ce a rushe sarauta a waƙar nan ba. Gargaɗi ya yi wa sarakuna, ya buga musu misali da abin da ya sami sarakunan Indiya bayan 1947, ya ce musu su gyara, su yi adalci, su buɗe makarantu, tun kafin guguwa ta zo ta tafi da su. Magana ce ta ɗan gida da ke tsoron kada gidan ya faɗi. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba. Kuma kafin ya rubuta, ya riga ya zauna da su ido da ido a zauren Bauchi ya faɗa musu. Abin da masu mulkin lokacin suka kira fitina da rashin kunya, wani nau'i ne na halacci ga gidan da ya haife shi.

Da na fahimci wannan sai hujjojina suka fara warwarewa ɗaya bayan ɗaya.

Halaccin da ke kaina bashi ne, babu musu. Amma bashina ne ni kaɗai. In zan biya, sai in biya da abin da na mallaka: lokacina, ƙarfina, kuɗina, zuwa gaishe shi, tsayawa a kan 'ya'yansa in ta kama. Shirun da nake yi kuwa ba da nawa nake biya ba. Da kuɗin mai ƙosai nake biya, da katifar tsohuwar da ruwa zai jiƙa, da amanar masu sauraro da suka ɗauka in na san abu zan faɗa musu. Wanda ya ɗauki kayan wani ya biya bashinsa, ko da kyakkyawar niyya ya yi, mun san sunan da ake kiransa.

Rufin asiri ma yana da iyaka, kuma malamanmu sun daɗe da shata ta. Abin da ya shafi mutum shi da Ubangijinsa, ko aibin da ke cikin ɗakinsa, wannan a rufe. Abin da ya shafi hakkin jama'a kuwa, rufe shi zalunci ne a kan masu hakkin. Maganar bango da ƙadangare gaskiya ce, sai dai mun juya ta. Ba mai nuna tsagar ne ya tsaga bangon ba. Abin da ke ɓata sunan zango shi ne a tara kuɗi su ɓace a yi shiru, har ya zama gobe in an ce a kawo karo-karo don makaranta ko asibiti kowa ya kawar da kai. Na ga wannan da idona a layin mahaifiyata: bayan maganar kwata, ko kuɗin gyaran fitilar layi an kasa tarawa.

Hujja ta uku ita kaɗai ta tsaya da ƙafarta, kuma ita ce ta nuna mini yadda zan yi. Tunda ina iya kuskure, wajibi ne in bincika, in fara zuwa wurin mutumin, in ba shi damar da waƙa ba ta ba wanda ta kama.

Na je gidansa wata Juma'a bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba, aka kawo ruwa, muka taɓa hirar gari. Sannan na fito da littafin na ajiye a gabansa, na ce, "Baba Alhaji, iyayenmu mata sun kawo mini wannan. Suna so a yi tambaya a rediyo. Na ce ba zan yi ba sai na zo na ji daga bakinka."

Ya daɗe yana kallon littafin bai taɓa shi ba. Can ya ce, "Yanzu ni za ka tsare da tambaya? Da kuɗin wa ka koyi tambayar?"

Na ce, "Da naka, Baba. Shi ya sa na fara zuwa nan kafin kowa ya ji."

Ban san ko amsar ta yi masa daɗi ba, amma ya yi magana. Ashe labarin ba kamar yadda na tsara shi a kaina ba ne. Wani kaso na kuɗin an sayi siminti da rodi, suna ajiye a bayan shagonsa, ya kai ni na gani. Wasu buhunan har sun daskare. Faɗuwar darajar sidi ta cinye lissafin da aka yi tun farko. Kaso mafi girma kuwa wani ɗan kwamitin ne ya karɓa aro da sunan zai mayar cikin wata guda, matarsa na kwance a asibiti, bai kuwa iya mayarwa ba. Alhaji ya ba shi ba tare da ya shawarci kowa ba, sannan ya kasa kiran taro don kada ya kunyata shi. Wato shi ma halacci da rufin asiri ne suka ɗaure shi, shi ma da kuɗin wasu yake biyan nasa. Na zo neman ɓarawo, na tarar da mutum irina.

Da na hau makirufo da zafin da mata ukun nan suka zo da shi, da na zalunce shi. Da kuma na ci gaba da shiru, da na zalunce su. Na roƙe shi ya zo shirin ya yi bayani da kansa, ya ƙi. Na ce to zan faɗi tambayar matan, in faɗi abin da na gani a bayan shago, in faɗi cewa an ba da aron wani kaso ba da sanin masu kuɗin ba, ba zan ambaci wanda ya karɓa ba, zan kuma yi kira a zauna taro. Ya ce, "Ka yi abin da ka ga dama." Haka na yi ranar Litinin, cikin minti shida, muryata tana rawa.

Ba zan ce abin ya ƙare da daɗi ba. Ƙarshen wata Alhaji ya janye tallarsa, kuma ba ni kaɗai abin ya taɓa ba, har da yaran da ke aiki tare da ni a shirin. Mahaifiyata ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska, ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. An yi taron, an yi hayaniya, an sake kwamiti, Alhaji ya cika wani abu daga aljihunsa. An gina rabin kwatar, rabin yana nan a buɗe. Kuma watannin da na ɓata ina shawara da kaina ba su dawo ba: ruwan farko na shekarar ya riga aikin, ya shiga ɗakuna kamar yadda ya saba. Ina zuwa gaishe da Alhaji duk sallah. Yana amsawa, amma bai ƙara ce mini "ɗana" ba.

Ina ba da wannan labari ne don in nuna ƙanƙantar abin, ba girmansa ba. Kwata ce guda a layi guda. Babu wanda ya ɗaure ni, babu wanda ya kore ni daga gari. Duk da haka sai da na yi wata huɗu da tambayar wani tsoho kafin na iya buɗe baki. Daga nan na fara gane nauyin abin da Sa'adu ya ɗauka, yana fama da ciwon ƙirji, a garin da sarki ke da kotu da gidan yari da dogarai, kuma mutanen da yake sukar tsarinsu su ne waɗanda gidansu ke hulɗa da su tun kakanni. Na kuma gane abin da shekara 15 a kurkuku ke nufi ga Gul Khan Nasir, wanda da ya so da ya zauna cikin manyan ƙabilarsa ana yi masa fadanci.

Ba na cikin masu cewa sa wa jami'a sunan Sa'adu aikin banza ne. Wata rana wani ɗalibi zai dubi allon ƙofar ya tambaya wane ne wannan, ya je ya nemo waƙoƙin, ya karanta su har ƙarshe. Amma suna a kan gini ba ya tambayar kowa komai. Gadon da irin waɗannan mutane suka bari aiki ne, kuma ba a fadar shugaban ƙasa yake farawa ba, inda zagi ba ya cin ko sisi. Kowa na iya zagin gwamnati a trotro. Yana farawa ne a inda mutum ke da abin rasawa: kwamitin masallaci, kuɗin ƙungiyar matasa, ɗan siyasar da ke kawo mana shinkafa da azumi ya ɓace sai wani zaɓen, dattijon da ya yi maka alheri. Kuma gadon yana da rabi na biyu da masu zafin kai ke mantawa, wato ka tabbatar kafin ka faɗa, ka faɗa wa mutum a gabansa kafin ka faɗa a bayansa, ka bar masa ƙofar da zai gyara ba tare da ya zube a idon jama'a ba.

Dattijon Maamobi bai sake kira ba, ban kuma san sunansa ba. In Allah ya sa wani ya karanta masa wannan, ga amsata, Baba. Ranar da ka tambaye ni, da Malam Sa'adu ya shigo tasharmu, da na tarbe shi da murna, na ɗauki hoto da shi, na ce masa lokaci ya ƙure sai wani makon. Yau ina jin zan ba shi makirufon, gabana yana faɗuwa, in kuma ajiye kujera ta biyu don wanda zai ambata ya zo ya kare kansa. Na kuma san kafin ya kai kan manyan gari, ta kaina zai fara, da ni da ambulan ɗin gaishe-gaishe da har yanzu ban gama rabuwa da ita ba.

Allah ya jiƙan Malam Sa'adu Zungur da Alhaji Umaru da sauran magabata. Allah ya saka wa Alhajin da ya biya mini makaranta da alheri, ya huci zuciyarsa. Mu kuma ya ba mu ikon ƙarasa rabin kwatar nan kafin damina.